Bak, JAMB da Karatun Yaron Garagumsa

Akan ji wani ra'ayi a bakin wasu masu nazarin ilimi, wai a sassauta bak, jarrabawar ƙarshen lise (babbar sakandare), a Nijar, a ɗauki tsarin JAMB na Najeriya, domin ɗalibi zai fi dagewa da karatu idan ya san kwamfuta ce za ta auna shi. A ganina an ɗora wa jarrabawa kayan da ba nata ba.

Bambancin sananne ne. JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana gwada darussa huɗu, Ingilishi dole, a kan maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake zaɓen amsa. Bak kuwa, wadda da ita ake shiga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, rubutun hannu ce, ɗalibi ya warware nassi ko ya gina hujja a falsafa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajensu ita ce ta adalci, kuma ba ta rainawa ba ce. Malamai biyu suna iya duba takarda ɗaya ta falsafa su ba da maki daban, alhali kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, ba ta gajiya, ba ta jinkiri. Na yarda. Amma gyara mudu daban, cika rumbu daban. Wanda ya zauna a ajin share fagen JAMB ya san dabarar da ake koyarwa: fara karanta tambayoyin, sannan ka bi nassin da yatsa kana farautar kalmar da ta yi kama da ta cikin zaɓin. Maki yakan tashi da wannan, ba tare da yaro ya iya faɗin abin da marubucin yake nufi ba. Za su ce ai bak ma tana da nata ciwon, tunda ɗalibin lise yakan haddace gabatarwa da kammalawa ya zuba a kowace tambaya. Haka ne. Sai dai haddar takan tonu a shafi na biyu, inda dole jimla ta bi jimla, shi kuwa mai cankar amsa babu inda zai tonu. Saboda haka, mai yiwuwa bak ta fi nuna wanda ya iya karatu, ko da ta fi wuyar dubawa.

Duk da haka, ba a wannan mataki matsalar take ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar ƙasa da ɗaya cikin goma na masu gama firamare ne suka kai matakin da ake bukata a karatu. A 2019 adadin ya kai kusan uku cikin goma. An samu wannan ci gaba ba tare da an mai da bak zaɓen amsa ba. Alkaluman na ƙasa ne baki ɗaya, kuma ba su isa su tabbatar da dalili guda ba, don haka da'awata ta tsaya a nan: jarrabawar ƙarshen lise ta makara.

A ƙauyukan Garagumsa, kewayen Takeita, yaro yakan shiga ajin CI, aji na farko a firamare, da Hausa zalla, ya tarar da Faransanci a allo. Inda ajin rumfar kara ne, sai an girbe hatsi an samu karan kafawa kafin karatu ya kankama. Mushe, wato malami, ya karanta, aji ya amsa baki ɗaya, yaro ya kwafa a ɗan allonsa, ya furta kalmar daidai bai san ma'anarta ba. Da yawa ba sa ma kaiwa ga BEPC, jarrabawar da ke gabanin lise, balle bak.

Abin da ke min ciwo shi ne Damagaram ta riga ta gwada wata hanya. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Awon da nake ganin ya kamata a fara da shi mai sauƙi ne: a ƙarshen ajin CP, mai bin CI, a miƙa wa yaro sakin layi ɗaya na Hausa, ya karanta a bayyane, ya faɗi abin da ya fahimta, a rubuta sakamakon kowace makaranta a kai wa sufeto da iyaye.