Man Kaɗe da Sarƙar da Ba Ta da Zobe

Tun gabanin Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Kontagora a tsakiyar ƙarni na 19, matan Kambari da na sauran al'ummun wannan nahiya sun riga sun naƙalci sha'anin kaɗanya, domin kuwa idan damina ta faɗi su kan bazama daji tsintar kaɗe, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sa'an nan su yi ta bugun ƙullun da ruwa har mai ya taso. Da shi ake miya, da shi ake shafa lokacin hunturu, shi ake zuba wa fitila, kuma idan aka gama shi da ruwan toka sai ya zama sabulu.

Malaman Turai ba su riski haƙiƙanin abin da ke cikin mai irin wannan ba sai daga baya. A 1823 Chevreul na Faransa ya bayyana cewa kitse da mai haɗi ne na giliserin da wasu sinadarai masu tsami, a 1858 kuma Kekule, Bajamushe, ya nuna ƙwayoyin zarra na kabon kan riƙe juna su yi sarƙa, kana a 1865 ya ce akwai sarƙar da kan naɗe ta koma zobe. Wadda ba ta naɗe ba, bakinta biyu a sake, ita ce a isɗilahin ma'abota kimiyya ake kira asaikilik, wato marar zobe.

Galibin man kaɗe irin wannan sarƙa ce, mai kabon 18, kuma kashi biyu ce: ta sitiyarik da ta oliyik. Ta sitiyarik miƙaƙƙiya ce, saboda haka takan jeru ta matsu kamar damin karan dawa, har ta daskare. Ta oliyik kuwa tana da lanƙwasa a tsaka, ba ta yarda da matsi, sai ta zauna ruwa-ruwa. Gamuwar waɗannan ɗabi'u biyu ita ce sababin da ya sa man ke sandarewa cikin ƙwarya da sanyin asuba, amma ya narke a tafin hannu.

A ganina tajaribar matan nan cikakken ilmi ce, ko da ba a rubuta ta a littafi ba. Yau kamfanonin Turai kan sayi kaɗen Afirka ta Yamma, su tace ɓangaren nan mai daskarewa a sa a cakulan a madadin wani kaso na man koko, alhali mai tsintar ba ta samun sai abin da ɗan kasuwa ya yanka mata a kan mudu.