Shari'ar Padilla da Kentucky

Padilla da Kentucky shari'a ce da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncinta ranar 31 ga Maris, 2010. Jose Padilla, direban babbar mota ɗan asalin Honduras, ya haura shekara 40 yana zaune a Amurka bisa doka, har ya yi mata aikin soja a yaƙin Vietnam. An kama shi da tabar wiwi mai yawa a jihar Kentucky. Ya amsa laifi bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara, bayan lauyansa ya ce ba za a kore shi daga ƙasar ba. Daga baya Padilla ya ƙalubalanci wannan shawara ta lauyan, har batun ya kai Kotun Ƙoli, inda alƙalai bakwai cikin tara suka goyi bayansa. Kotun ta ce wajibi ne lauya ya sanar da baƙo cewa amsa laifi na iya jawo masa kora.