Wane Littafi Ne Ya Cancanci Dogon Hutu?

Duk shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, makarantun boko a Arewacin Nijeriya sukan rufe don dogon hutu. A wannan lokaci ne iyaye da malamai masu kula suke fara tunanin abin da yaro zai karanta, kuma amsar da aka fi bayarwa iri biyu ce: ko a mayar da shi ajin ƙarin darasi ya ci gaba da abin da ya baro, ko a danƙa masa littafin da wani babba ya ga zai gyara masa hali. Duka biyun da kyakkyawar niyya ake yin su. Sai dai matsayin wannan maƙala shi ne, littafin hutu nagari shi ne wanda mai karatu zai kai ƙarshensa ba tare da tsawa ko fargabar jarrabawa ba, ya kuma ajiye shi yana tambayar inda zai sami wani. Duk wata siffa da za a nema, ta hikima ce ko ta tarbiyya, a bayan wannan take, domin littafin da aka jefar a shafi na goma bai koyar da kowa komai ba.

Al'adar ware wasu littattafai a ce na hutu ne ta yi ƙarfi a Amurka tun ƙarni na 19. Donna Harrington-Lueker ta nuna a littafinta Books for Idle Hours (2019) yadda masu buga littattafai suka lura cewa masu hali sun fara tafiye-tafiyen shaƙatawa a lokacin zafi, sai suka mayar da lokacin da kasuwa ta saba mutuwa ya zama kakar ciniki. Abin lura a tarihin nan shi ne sukar da aka yi wa ƙagaggun labaran: wasu limaman coci sun yi ta wa'azin cewa suna ɓata tarbiyya, musamman ta 'yan mata. Duk wanda ya san muhawarar da aka tafka a Kano kan littattafan soyayya shekara ɗari bayan haka ba zai ji wannan baƙo a kunnensa ba.

Daga baya masana ilimi suka ɗauki batun da muhimmanci. Barbara Heyns ta bibiyi ɗaliban aji shida da na bakwai a birnin Atlanta, ta wallafa sakamakon a 1978, inda ta gano cewa a cikin duk abubuwan da yara suke yi lokacin hutu, karatun littattafai ne ya fi alaƙa da ci gabansu. A 2010 kuma Richard Allington da Anne McGill-Franzen da abokan aikinsu suka bayyana wani gwaji da suka yi a makarantun 'ya'yan talakawa a jihar Filorida. Shekara uku a jere ana barin kowane yaro ya zaɓi littattafai 12 da hannunsa ya tafi da su gida hutu. Yaran da suka samu sun fi waɗanda ba su samu ba a jarrabawar karatu. Yawancin abin da suka zaɓa kuwa ba irin wanda malamai za su zaɓa musu ba ne. Sun fi karkata ga labaran mawaƙa da 'yan wasa da labarai masu jerin kashi-kashi. Yanayin Filorida daban yake da na Funtuwa ko Maraɗi, amma dalilin da ya sa gwajin ya yi aiki bai keɓanta da wata ƙasa ba: ƙwarewar karatu da yawan yi take samuwa, mutum kuwa ba ya yawaita abin da ba ya jin daɗinsa.

Inda muka bambanta da Amurkawa sosai shi ne a yanayin hutun kansa. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Yaron karkara yana gona tun da safe, ana noma, ana zuba taki. Yarinya tana kan girki da wanki da renon ƙanne, wata ma da talla. Makarantar allo da Islamiyya galibi ba su rufe ba. Da dare kuma ba lallai a sami wuta ba. Ke nan mai karatunmu ba shi da yini guda cur da zai miƙe ƙafa. Abin da yake da shi guntayen lokuta ne, bayan azahar, ko kafin magariba, ko sa'ad da ruwan sama ya tsare kowa a ɗaka. Don haka littafin da zai dace da shi sai ya kasance mai jure katsewa, wanda za a rufe shi a tsakiya don an kira mutum aike, a dawo bayan kwana biyu ba a rasa zaren labarin ba.

A nan ne ya kamata a sake duban Magana Jari Ce da idon mai nazarin tsari. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya a 1936, aka fara buga shi a 1937, ya fito cikin littattafai uku masu ɗauke da labarai fiye da tamanin. Kowane labari yana iya tsayawa da ƙafarsa, ana gama shi a zama ɗaya. Amma akwai babban labari da ya ɗaure su duka: a littafi na farko aku yana ba da labari ne don ya tsare Musa ɗan sarki a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Wato shi kansa akun yana fama da matsalar da kowane marubuci yake fama da ita, ta riƙe mai saurare wanda hankalinsa yake waje. Idan labari ya yi sanyi, Musa zai fita, fitarsa kuwa halaka ce. A littafi na biyu gasa ce tsakanin aku da wani abokin karawarsa mai suna Haziƙ, a na uku kuma aku yana horar da ɗansa Fasih. Manazarta irin su Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin tushen labaran, daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya da sauransu, amma yaron da yake karantawa bai taɓa jin cewa baƙi ne ba, saboda Imam ya ba su sunaye da garuruwa da bakin magana na ƙasar Hausa. Gaskiya ne an shirya littafin ne don makarantu. Wannan ma hujja ce a gare mu: waɗanda suka shirya shi sun fahimci cewa hanyar sa yaro ya iya karatu ita ce a ba shi abin da zai hana shi tashi.

Haka tarihin ƙagaggen labari na boko ya faro tun asali. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta nemi labarai ne da mutane za su karanta don sha'awa, domin an koya wa jama'a rubutun boko amma babu abin karantawa sai littattafan darasi. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, Jiki Magayi kuma ya biyo su. Yau waɗannan sunaye sun zama na manhaja, ana haddace jigoginsu don cin jarrabawa, har ɗalibi ya manta cewa ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja abin dariya ce aka rubuta don a yi dariya. Babu asarar da ta kai a raba littafi da daɗinsa a bar masa tambayoyin ƙarshen babi kawai. Hutu ne lokacin da ya dace a mayar wa waɗannan littattafai haƙƙinsu.

Kada a ɗauka ana nufin littafin hutu dole ya zama na raha. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne, da yaron da aka raba da gida, da uwar da ta ƙetare hamada tana neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bayi, ba ta gan shi ba sai tana dab da rasuwa. Babu abin dariya a ciki, amma gajere ne, harshensa a miƙe yake, kuma tambayar ko za su sake haɗuwa ba ta barin mai karatu ya huta. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare (1982) ya fi shi tsawo da tsanani, ya kuma fi dacewa da manyan matasa, amma shi ma riƙonsa ɗaya ne. Abin da ake nema sauƙin shiga ne da ƙarfin riƙo. Jigo kuwa yana iya yin nauyi yadda ya ga dama.

Wannan ya kawo mu ga littattafan da aka fi jayayya a kansu. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed (1980), zuwa ambaliyar da ta biyo baya daga tsakiyar shekarun 1980, labaran soyayya ne suka zama abin karatun hutu na haƙiƙa ga dubban 'yan makaranta, ko manya sun yarda ko ba su yarda ba. Ana saye, ana haya, ana ara, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya cire. Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano yana mai sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka kare su, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu a shekarun 1990. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na A Daidaita Sahu. A ganina masu suka sun yi gaskiya a kan abu guda: da yawa daga cikin littattafan an buga su cikin gaggawa, ba edita, ba kula da ƙa'idar rubutu. Amma sun yi kuskure babba da suka yi musu kuɗin goro. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa matasa tattauna matsayin dukiya a zaɓen miji. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya bi rayuwar Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, ta riƙe su da sana'ar abinci. Littafin ya kai ga an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Mata da yawa da karatunsu ya tsaya a firamare, waɗannan littattafai ne suka hana hannunsu mantawa da boko. Wanda ya raina wannan bai san wahalar da ake sha kafin a mayar da mutum mai karatu ba.

Mai ƙalubale zai ce, to, ashe duk abin da ya riƙe hankali ya wadatar ke nan? A'a. Riƙon hankali sharaɗi ne na farko, akwai na biyu, shi ne harshe. Mai karatu yana kwasar salon abin da yake karantawa ba tare da ya sani ba, kamar yadda tufa take ɗaukar ƙamshin turaren da aka ajiye ta kusa da shi. Yarinyar da ta shafe mako shida tana karanta Hausar da aka raba kalmominta daidai, aka sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, aka gina jimlolinta da kula, za ta koma aji da kunnen da ya san daidai. Wadda ta shafe su a kan labaran da ake sakowa kullum a WhatsApp da Wattpad, waɗanda wasunsu rabin jimla Hausa rabi Ingilishi, ba waƙafi ba aya, ita ma abin da za ta kwasa ke nan. Akwai marubuta masu gwaninta a waɗannan kafafe, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da suke da alƙalami mai kyau. Matsalar tana ga tsarin da yake saka wa marubuci don ya ja labari ya yi ta tafiya, shafi bayan shafi, saboda a ci gaba da biyan kuɗi. Labarin da ba ya ƙarewa yana hana mai karatu wani abu mai daraja: ya rufe littafi, ya zauna da abin da ya faru, ya yanke wa taurarin hukunci da kansa. Akwai kuma waɗanda batsa ce jarinsu, kuma ba sai an yi dogon bayani ba a kan cewa ba su dace da yaro ba.

To ina matsayin iyaye da malamai, idan an ce yaro ne zai zaɓa? Gwajin Filorida ma bai sake yara a kasuwa haka kawai ba. Manya ne suka tara ɗaruruwan littattafai da suka tantance, sannan suka ja baya suka bar yara su ɗauka. Aikin babba ke nan: ya faɗaɗa abin da ke gaban yaro, ya san abin da ke ciki, sannan ya kame bakinsa. A sa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kusa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, a sa tarihin annabawa da na sahabbai da aka rubuta da salo mai jan hankali, a sa wasan kwaikwayo irin Uwar Gulma, a sa na Ingilishi ko Faransanci ga mai iyawa. Idan yaro ya fara wani ya ga bai yi masa ba, a bar shi ya ajiye ya ɗauki wani. Kuma don Allah kada a tare shi da tambayar darasin da ya koya. A tambaye shi wa ya fi burge shi, wa ya ba shi haushi. Daga nan hira za ta kai inda ake so.

Akwai ma'auni guda da ya dace da gidajenmu musamman, wato ko littafin zai karantu a bayyane. Mu mutane ne da suka gaji tatsuniya da dare, kuma har yau gidajen rediyo suna karanta littattafan Hausa, mutane suna kasa kunne. A gidan da littafi ɗaya ne tsakanin yara shida, da kaka wadda ba ta yi boko ba, littafin da ya fi amfani shi ne wanda babbar ya za ta karanta da ƙarfi kowa ya bi, ba tare da ta yi tuntuɓe da jimla ko ta ji kunyar wani shafi a gaban iyayenta ba. Wannan gwaji yana tace harshe da abin da ke ciki a lokaci guda, kuma ba ya buƙatar wata hukuma.

Saura batun samuwar littafin, wanda shi ne ya fi ciwo. Ɗakunan karatu na makarantun gwamnati da yawa ko babu su, ko a kulle suke daidai lokacin da yara suka fi samun sarari. Ina kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da ƙungiyoyin marubuta: kafin a rufe makaranta a watan Yuli mai zuwa, a tara littattafan labari na Hausa gwargwadon hali, a shimfiɗa su a gaban ɗalibai, kowa ya zaɓi biyu ko uku ya tafi da su gida aro. Wasu za su dawo a yage, wasu ba za su dawo ba. A ɗauki wannan asara, domin ta fi sauƙi a kan yaro ya yi mako shida bai buɗe littafi ba.