Bangon Gidan Tarihi da Darajar Mai Hoto: Darasi Daga Bamako

A tsakanin masu ɗaukar hoto na wannan zamani, babu abin tinƙaho kamar a ce aikin mutum ya shiga taskar MoMA a New York, ko Tate a Landan, ko Cibiyar Pompidou a Faris. Da wannan jeri ake auna juna, da shi dillalai ke yanka farashi, kuma daga nan kishi ke tsirowa tsakanin abokan sana'a. Matsayin wannan maƙala shi ne alfaharin yana da tushe, amma gasar da aka ɗora a kansa ta ɗauki ma'aunin da bai dace ba. Gidan adana kayan tarihi yana tsawaita ran hoto. Gwanintar kuwa ta riga shi zuwa.

Tarihin Seydou Keïta na ƙasar Mali ya isa shaida. Ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, inda matan gari da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke zuwa cikin kwalliya, su tsaya gaban kyalle mai zane, wani riƙe da rediyo, wata jingine da babur. Ƙananan hotuna yake wanke musu, su rataye a ɗaki ko su aika wa dangi. A 1991 aka baje wasu daga cikinsu a New York, a nunin "Africa Explores", ba tare da sunansa ba. Attajiri Jean Pigozzi ya gan su, ya tura André Magnin neman mai su, kuma a Bamako wani mai ɗaukar hoto, Malick Sidibé, ne ya shaida hannun Keïta. A 1994 Gidauniyar Cartier ta nuna aikinsa a Faris, a 1997 kuma shagon Gagosian ya baje manyan bugu a New York. A duk tsawon wannan tafiya fim ɗin asali bai sauya ba. Masu kallo ne suka sauya. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta. Mutanen Bamako sun yanke hukunci da kuɗin aljihunsu shekaru arba'in kafin masanan Turai.

Abin da ya biyo baya ya nuna illar mayar da taska ma'aunin daraja. Bayan rasuwar Keïta a 2001, rikici ya kai kotu kan wanda ke da iko da fina-finansa da kuma wane bugu ne sahihi, domin sa hannu ya zama dukiya. Idan shiga taska ce ke raba gwani da na baya, to hukuncin sana'a ya bar hannun masu sana'a da jama'arsu, ya koma hannun 'yan tsirarun masu zaɓe a birane masu nisa. Sidibé, wanda ya nuna ƙofar abokin sana'arsa maimakon ya tallata tasa, bai yi asara ba: ya karɓi lambar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na bikin Venice a 2007.

Mai ja zai ce ba don gidajen tarihin ƙetare ba, da zafi da ƙura da gara sun cinye wannan gado, kuma da masu shi sun tsufa cikin rashi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce halalcin alfaharin. Sai dai adanawa hidima ce, ba jarrabawa ba, kuma sau da yawa sa'a ce ke kai mai zaɓe wani shago ta tsallake wani. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, tun babu gidan tarihin da ya waiwaye shi. Ingancin aikin bai jira baje shi da aka yi a bikin Venice na 2013 ba.

Akwai tafarkin da ya fi. Cibiyar Smithsonian ta nuna hotunan Solomon Osagie Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, a Washington a 2014, sannan a 2017 aka kai nunin gidan tarihi na birnin Benin, gaban jikokin waɗanda ke cikin hotunan. Idan lalle sai masu hoto sun yi gasa, to su yi ta a kan wanda aikinsa ya tsira kuma mutanensa ke iya ganinsa.