The Lord of the Rings

The Lord of the Rings littafin ƙagaggen labari ne na Turanci wanda J.R.R. Tolkien, malamin harsuna a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya rubuta. Kamfanin Allen & Unwin ya buga shi cikin juzu'i uku a 1954 da 1955, a matsayin ci gaban littafin Tolkien mai suna The Hobbit na 1937.

Labarin ya ginu ne a kan wani zoben tsafi da azzalumi Sauron ya ƙera don ya mallaki duniya. Zoben ya faɗa hannun Frodo, wani ɗan ƙauye daga jinsin gajerun mutane, aka ɗora masa nauyin kai shi dutsen wuta inda aka ƙera shi, domin can kaɗai zai narke. Ƙarfin littafin yana ga yadda zoben ke cin zuciyar mai riƙe da shi sannu a hankali, har nagari ma ba ya tsira. Tolkien ya ƙirƙiro wa wannan duniya harsuna da tarihi na kanta.

Daraktan fim Peter Jackson ya mayar da littafin fim uku, ya ɗauke su a lokaci guda a New Zealand, aka sake su a 2001, 2002 da 2003. Ya cire wasu sassa, ciki har da sashen wani mai suna Tom Bombadil. Fim na uku ya lashe kyautar Oscar 11.