Daga Virchow Zuwa Glasgow: Yadda Aka Koyi Karanta Kansar Tumbi a Cikin Jini

A 1863 ne likitan nan Bajamushe, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin tsiron kansa, ya ce lallai daɗaɗɗen kumburi na da hannu a cutar. Maganar ta daɗe a kwance, don babu ma'aunin da zai nuna ta a jikin mara lafiya.

Ma'aunin ya fito ne daga wata cuta dabam. A 1930, William Tillett da Thomas Francis suka gano wani sinadari a jinin masu ciwon huhu, wanda yau ake kira CRP. Hanta ce ke samar da shi, kuma yana hauhawa da zarar kumburi ya tashi a jiki.

Likitocin Japan, inda kansar tumbi ta yi katutu, suna cikin waɗanda suka fara haɗa lissafi. A 1984 wani likita mai suna Onodera ya haɗa yawan sinadarin albumin na jini da na fararen ƙwayoyin jini irin limfosayit don gane wanda jikinsa zai jure tiyata. Shekara goma bayan haka, hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya ƙwayar cutar Helicobacter pylori cikin masu haddasa kansa, domin tana kumbura bangon tumbi shekara da shekaru. Ashe Virchow ya hango gaskiya.

A 2003 masu bincike a Glasgow suka fito da maki mai sauƙi: CRP sama da miligiram 10 a lita, albumin ƙasa da giram 35 a lita. Kan kansar huhu aka fara gwada shi, sannan aka kai shi ga tumbi. An kuma riƙa raba adadin fararen ƙwayoyin jini irin niyutrofil da na limfosayit, aka ga cewa masu lamba mai yawa sukan rigayi sauran rasuwa.

Abin sha'awar shi ne arha, tunda gwajin jini ne na yau da kullum. Sai dai har yanzu ba a yi ittifaƙi kan lambar da za a kira haɗari ba, kuma zazzaɓin cizon sauro ko taifot kaɗai na iya ɗaga CRP. Shi ya sa matakin da kansar ta kai, wato zurfinta da inda ta yaɗu, shi ne har gobe likita ke dogara da shi wajen yanke shawarar magani.