Takardar Farashin Hannun Jari da Asalinta

Hannun jari shi ne kason da mutum ya mallaka a cikin kamfani. Attajirai sukan haɗa dukiya don cinikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, in riba ta samu a raba wa kowa gwargwadon abin da ya zuba. Wanda ya matsu yana iya sayar da kasonsa ga wani ta hannun dillali, ya biya la'ada.

A birnin Landan dillalan irin wannan ciniki a gidajen shan gahawa suke taruwa. Cikin shekarar 1698 wani dillali, ana ce da shi John Castaing, ya fara buga takarda sau biyu a mako, yana bayyana kuɗin da aka sayi hannun jarin kowane kamfani. Da wannan ne na nesa ya san yadda kasuwa ta ci, ba sai ya dogara ga faɗar dillali kaɗai ba.

Amma ba a daɗe ba aka ga iyakar amfanin takardar. Cikin 1711 aka kafa Kamfanin South Sea don fatauci da Amurka ta Kudu, har da cinikin bayi. Cinikin bai yi albarka ba, gama ƙasashen nan suna hannun Sifaniya ne. A 1720 kamfanin ya ɗauki bashin da ake bin gwamnatin Ingila, shugabanninsa suka baza labarin riba mai yawa. A watan Janairu hannu ɗaya fam 128 ne, kafin watan Agusta ya kai wajen fam 1,000. Mutane suka dinga duban takarda, suna ganin farashi na hawa, suna cin bashi suna saye, ba mai tambayar me kamfanin yake sayarwa. Ashe kallon kitse suke yi wa rogo. Ƙarshen Satumba farashi ya faɗo zuwa fam 150, gidaje masu yawa suka tsiyace. A 1721 Majalisa ta bincika, ta ƙwace dukiyar shugabannin, aka kuma ɗaure Ma'ajin gwamnati, John Aislabie.

A Nijeriya an kafa irin wannan kasuwa a Ikko cikin 1960, aka fara ciniki a 1961, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna a 1978, da Kano a 1989. Lissafin da take fitarwa jikan takardar Castaing ne. Bayan sunan kamfani akan rubuta tayin mai saye, da kuɗin da mai sayarwa zai sallama, da farashin da aka tashi kasuwa a kansa. Sa'an nan a nuna ƙari ko ragi bisa na jiya, da yawan hannun da aka sayar.

To, waɗannan lambobi shaida ce ta abin da mutane suka biya, ba su ne darajar kamfani ba. Mai hankali yakan auna farashi da ribar da ake rabawa. In ya sayi hannu naira 20, aka ba shi naira 1 a shekara, ya sami biyar cikin ɗari ke nan. In farashi ya ninka alhali riba tana nan yadda take, sai ya tuna da mutanen 1720, gama tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ko ya yi dubu ba ya fita.